Maigidana ya tashi daga fashewar jijiyar ƙwaƙwalwa, amma halinsa ya sauya. Wa ya taɓa jinyar irin wannan?

Maman Ihsan:

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema, musamman daga wanda ya taɓa jinyar wannan ciwo ko ma'aikatan lafiyar da ke cikinmu.

Maigidana ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, shadda da yadi yake sayarwa, shekarunsa 47. Bara bayan Babbar Sallah, da asuba ya sunkuya zai ɗauki buta sai ya dafe ƙeya ya ce kansa zai tsage. Ya yi amai, wuyansa ya sanƙare, kafin a fito da mota ya daina gane mu. Asibitin da muka fara zuwa sun ɗauka sanƙarau ne. Sai da aka kai shi babban asibiti aka yi hoton CT aka ce jini ne ya zuba a ƙwaƙwalwa, wai wata jijiya ce ta daɗe da kumbura ta fashe, anurizim suke ce wa abin. Likita ya ce nasa mai tsanani ne, mataki na 4 cikin 5. An buɗe kai an danne wurin da ɗan kilif, ya daɗe a ɗakin kulawa ta musamman, daga baya ruwa ya taru masa a kai aka sa wata siririyar roba da ke sauke ruwan zuwa ciki. Filinmu da gwala-gwalaina duk sun tafi a jinya, kuma wallahi ban taɓa jin ciwon hakan ba.

Yanzu yana tafiya da ƙafarsa, yana ci da hannunsa, yana zuwa jam'i. Duk wanda ya zo dubiya sai ya ce, "Alhaji ai ka warke sarai." To mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Mutum ne da yake riƙe bashin kwastomomi a ka, na 'yan Maiduguri daban na 'yan Agadas daban, ba ruwansa da buɗe littafi. Kwanaki ƙaninsa ya kai shi shago don ya ga mutane. Wata mata ta sayi yadi biyar, shi ya auna ya yanke da kansa, ta tura kuɗi ta waya ya ga alat ya ce ya gani. Tana ɗaukar leda ya ce mata, "Hajiya kuɗina fa?" Ta nuna masa wayarta, yaran shago suka sunkuyar da kai. Tun ranar bai sake cewa a kai shi kasuwa ba.

Ga gajiya. Wanka da karin kumallo kawai zai yi ya koma ya kwanta kamar wanda ya wuni a gona. Ga faɗa, mutumin da ban taɓa jin ya ɗaga wa yaro murya ba. Yara na wasa a tsakar gida zai daka tsawar da sai maƙwabta sun ji. Autarmu yanzu tana jin takunsa take laɓewa bayan ƙofa, shi kuma an jima kaɗan ya manta, ya kira ta zai ba ta alawa, yana tambayata me ya sa yarinyar nan take gudunsa. Labarin aikin Hajjinsa na tun kafin mu yi aure zai ba ka tsaf, amma abin da muka yi magana da safe babu shi.

Hajiyarsa ta dage hannu aka sa masa a kasuwa. Yayyensa mata kuma suna cewa ni nake shagwaɓa shi, a bar shi ya fita nema zai ware. Zuwanmu asibiti na ƙarshe likita ya duba hoto, ya sa shi ya ɗaga hannu ya matse masa yatsa, ya ce komai lafiya.

Don Allah, wannan halin na ciwon ne ko wani abu ne daban? Haka zai zauna? Akwai wanda ya koma sana'arsa bayan irin wannan?

Abu Sadik:

Allah Ya ba shi lafiya, Ya sa kaffara ne. 'Yar'uwa ki riƙe azkar na safe da yamma, a riƙa yi masa tofi, ba abin da ya gagari Allah. Kuma kada ki karaya. Joe Biden ma irin wannan ciwon ya yi a 1988 yana sanata, sau biyu aka yi masa tiyata a asibitin sojoji na Walter Reed, ya koma majalisa bayan 'yan watanni, ga shi har ya zama shugaban Amurka a 2021. Shi ma Alhaji zai koma kasuwa in sha Allahu.

Nas a ɗakin tiyatar kai:

Wa alaikumus salam Maman Ihsan, sannu da jinya, Allah Ya ba da lada. Na daɗe ina aiki a ɗakin da ake kwantar da waɗanda aka yi wa tiyatar kai, kuma abin da kika lissafa shi muke ji daga bakin iyalai in sun dawo ganin likita. Na ciwon ne. Ba shagwaɓa ba ce, kuma ba sabon hali ya ɗauko don ya ƙuntata miki ba.

Anurizim wuri ne da bangon jijiya ya yi laushi ya bunƙuro, kamar tiyub ɗin keke in ya yi ƙulu a gefe. Kusan mutum 3 cikin 100 suna yawo da shi ba su sani ba, mafi yawansu kuma har su koma ga Allah bai fashe ba. In ya fashe, jinin yana malala ne a sararin da ke kewaye da ƙwaƙwalwa. Kusan ɗaya cikin uku ba sa tashi, wasu ko asibiti ba a kaiwa da su. Don haka wanda ya zo a mataki na 4 yau yake zuwa masallaci da ƙafarsa, an yi babban arziki. Na faɗi wannan ne don ki san girman abin da ƙwaƙwalwarsa ta sha, ba don in ce ki yi shiru ki gode kawai ba, na san an cika ki da wannan maganar.

Shi kilif aikinsa ɗaya ne, ya hana wurin sake fashewa. Ɓarnar da jinin farko ya yi ba ya gyara ta. Bayan haka, tsakanin kwana na 4 zuwa na 14 jijiyoyin da jinin ya kwanta a kansu sukan tsuke, wani sashe ya rasa isasshen jini. Shi ya sa ake ba da maganin nimodipine duk bayan awa 4 har kwana 21, ƙila kin tuna yadda ake zuwa ba shi magani har tsakar dare. Sannan ga ruwan da ya taru ya danne ƙwaƙwalwa kafin a sa robar. Kowanne cikin ukun nan yana barin tabo, wani ma hoto ba ya nuna shi sosai.

In kun koma ki tambaya a wace jijiya abin ya faru. Akwai wata 'yar gajeriya a gaba, can bayan goshi, tana cikin wuraren da aka fi samun wannan kumburi, kuma kusa da ita sassan da ke ajiye sabon abu da tsara aiki da danne fushi suke. Masu irinsa haka suke: tsohon labari yana nan, na ɗazu ya ɓace, baki kuma ya riga tunani.

"Komai lafiya" a bakin likitan tiyata yana nufin kilif na zaune, ruwa bai taru ba, hannu da ƙafa suna aiki. Ma'aunin warkewa da aka fi amfani da shi, daga 0 zuwa 6, ya fi karkata ga ko mutum zai iya tafiya da wanka da kula da kansa. Sai ya ci maki mai kyau alhali ba ya iya lissafin yadi biyar. A wani bincike da aka yi a ƙasar Holan, kusan biyu cikin uku na waɗanda suke aiki kafin ciwon sun koma aiki, amma ɗaya cikin uku ne kawai suka koma yadda suke yi a da. Gajiyar kuwa, da aka tattara bincike da dama a 2012, an samu daga kashi 31 har zuwa kashi 90 cikin 100 na waɗanda suka tsira suna kuka da ita.

Likita a ranar asibiti layi ne a gabansa, in ba ki faɗa ba ba zai tono ba, kuma maza a gaban likita "Alhamdu lillahi, da sauƙi" kawai suke cewa. Ki rubuta abubuwan nan a takarda ki miƙa masa. Ki roƙi a yi masa gwajin tunani, akwai wani gajere da ake kira MoCA, maki 30 ne, ba ya wuce minti goma zuwa sha biyar. Ki roƙi a auna jininsa, har da sinadaran da wata 'yar halitta a ƙasan ƙwaƙwalwa take sarrafawa, domin wannan ciwo yakan taɓa ta, ta jawo kasala da raunin jiki, kuma wannan ana maganinsa. Ki kai duk magungunansa a leda. In yana shan na farfaɗiya, phenytoin da phenobarbitone suna sa barci da nauyin kai, levetiracetam kuma an san shi da sa saurin fushi. Kada ki tsayar masa da kanki ko kusa, likita ne zai rage ko ya sauya.

Sai ciwon damuwa, wanda yake da yawa a cikinsu. Mutumin da ya ji kunya a gaban yaran shagonsa ya daina fita, a duba wannan ma. Na san da zarar kin ambaci likitan taɓin hankali, Alhaji zai ce, "Dawanau za ku kai ni?" Ki bari likitan tiyatar ya faɗa da bakinsa a matsayin ci gaban jinya, ya fi karɓuwa.

Ko haka zai zauna? Sauƙin da ya fi sauri a watanni shida zuwa shekarar farko ake samunsa, amma masu mataki mai tsanani an ga suna ci gaba da samun sauƙi har shekara ta biyu da ta uku. A hankali ne, sai wanda ya daɗe bai gan shi ba yake lura.

Malama daga Zariya:

Maman Ihsan, ciwon nan ni ya kama, don haka bari in ba ki labarin ta ciki. Malamar firamare ce ni. Nawa ba a buɗe kai ba, 'yan'uwa suka haɗa kuɗi aka kai ni Alƙahira, aka bi ta jijiyar cinya aka cusa wata siririyar waya ta toshe kumburin. Ko tabo ba ni da shi, shi ya sa mutane suka fi saurin cewa na warke.

Gajiyar nan ba irin wadda kika sani ba ce. Ba jiki ne yake gajiya ba, kai ne yake cika. In mutum biyu suna magana lokaci ɗaya, ga talabijin, ga injin markaɗe a maƙwabta, sai in ji duka sun shigo min da ƙarfi ɗaya, na kasa ware wanda zan saurara. A nan tsawar take fitowa. Wallahi kafin in ji fushin ya zo maganar ta riga ta fita, sai dai in ga fuskar yaro ta sauya. Na daina zuwa biki da suna na tsawon lokaci, dangi suka ce girman kai na koyo a Masar.

Hancina ma ya daina aiki. Wata rana ina zaune a ƙofar kicin ina tsince shinkafa, miya ta ƙone ƙurmus a bayana, hayaƙi ya cika wuri, sai da 'yata ta shigo tana tari na waiga. Yanzu ba na ɗora tukunya sai na saita ƙararrawa a waya, kuma ba na kunna gas in ni kaɗai ce a gida. A sallah raka'a takan ɓace min, sai na koma bin maigida ko ɗana in suna nan. Shi Alhaji jam'i ya rufa masa asiri a wannan.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne a ce, "Ba ki tuna ba? Ɗazu fa na faɗa miki." Don Allah ki hana kowa yi masa wannan. A sake faɗa kawai. Ki saya masa ɗan littafi na aljihu, komai a rubuta a gabansa da hannunsa. Duk abu mai nauyi a yi shi da safe, bayan azahar a bar shi ya kwanta kafin ya kai ga galabaita, yara su koma zaure ko gidan maƙwabta. Su kuma yaran a zaunar da su a gaya musu gaskiya, cewa Baba ciwo ne a kansa, hayaniya tana yi masa zafi. Yara suna ganewa fiye da manya.

Kasuwa kuma kada a yanke masa ita. A kai shi da sassafe kafin Kwari ta cika, awa ɗaya ko biyu, ya zauna a gaisa. Kuɗi da lissafi a bar wa ƙaninsa. Na tabbata in aka miƙa masa shadda ya shafa zai gaya miki gezna ce ta gaske ko kwaikwayo, domin wannan tsohon sani ne. Ni ban iya komawa aji ba, yara sittin sun fi ƙarfina. Shugabar makarantarmu ta mayar da ni ɗakin karatu, ina ɗaukar yara uku huɗu masu raunin karatu. Ba yadda nake a da ba ne, amma ina karɓar albashina da gumina, kuma bana har bikin ƙanwata na je na zauna zuwa la'asar.

Babangida Gusau:

Malam Abu Sadik, ka yi niyyar alheri, amma a daina auna marasa lafiyarmu da Biden. Shi da hankalinsa aka kai shi asibiti. Irin wannan misalin shi ke sa dangi su ce wa mutum ga wane ya tashi, kai me kake jira.

Mahaifinmu ya yi wannan ciwo, shi bai dawo ba. Sai an ɗaga shi an kwantar, magana kaɗan-kaɗan, a haka ya yi shekaru kafin Allah Ya karɓi abinsa. Ba zan ce rayuwarsa ba daɗi ba. Yana son rediyonsa, yana son a shimfiɗa masa tabarma a ƙofar gida bayan la'asar, jikoki na hawa jikinsa yana dariya. Amma mu mun ga abubuwa biyu da nake so ki kiyaye, Yaya.

Na farko dukiya. Tunda bashin a kansa yake, tun yanzu ki sa 'yan'uwansa maza su zauna da shi da yaran shago, da safe lokacin da kansa yake sarari, a rubuta wa ake bi, wa ke binsa, da shaidu. Mu mun yi jinkiri, mutanen da Baba ya rufa wa asiri suka ce ai sun biya. Katin banki da lambar sirri ma a san inda suke, masu kiran waya suna damfara ba sa tausayin mara lafiya.

Na biyu ke kanki. Innarmu ita ta riƙe jinya ba ta yarda kowa ya taya ta, ƙarshe hawan jini ya kwantar da ita. Yayyen nan masu cewa kina shagwaɓa shi, ki ba kowacce wuni guda ta zauna da shi ke ki je gidanku ki huta. Wuni ɗaya ya isa su gani. Hajiya kuma kada ki yi musu da ita, ku tafi da ita asibiti ta ji daga bakin likita. Addu'a da tofi ba wanda ya hana, amma ban da hayaƙi, ban da ɗure-ɗuren jiƙo, ban da mai cewa a ajiye ƙwayoyin asibiti.

Maman Ihsan:

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Malama, na karanta naki ina hawaye, abin da ya kasa faɗa min kenan. Sista, na duba ledar magani, levetiracetam yana ciki, an sa masa tun da ya yi jijjiga a asibiti. Sauran tambayoyina: ya dage zai yi azumin bana, kuma yana neman mukullin mota. Sannan yaranmu, su ma sai an yi musu hoto? Akwai kuma abin da nake jin nauyin tambaya a nan, na tsakanin miji da mata, tsoro nake kada wani abu ya sake fashewa.

Nas a ɗakin tiyatar kai:

Ba abin jin nauyi, kowa yana son ya tambaya. In an riga an danne kumburin kuma hoto ya nuna ba wani, ba a hana ma'aurata komai. Na ce "ba wani" domin kusan ɗaya cikin biyar suna da fiye da guda, ki tabbatar an duba. In sha'awar ce ta ragu, a faɗa wa likita, yana iya zama magani ko sinadaran da na ambata.

Azumi ku je tun kafin watan ya kama. Wani ana gyara masa lokutan magani zuwa sahur da buɗa baki, wani a ce ya dakata. Tsallake maganin farfaɗiya shi ne haɗarin, ga ƙishirwar zafin Kano. In likita ya hana, a samu malamin da yake jin maganarsa ya tuna masa rangwamen da Alƙur'ani ya yi wa mara lafiya. Mota kuwa a'a, sai likita ya sallama. A Ingila mai farfaɗiya sai ya shekara ba ta tashi ba ake barinsa ya tuƙa, balle a titin da 'yan adaidaita ke fitowa ta ko'ina.

Yara ba a yi musu hoto don mutum ɗaya ya yi a gida. Ana ba da shawarar dubawa ne in mutum biyu ko fiye na jini ɗaya, iyaye ko 'ya'ya ko 'yan ɗaki ɗaya, sun yi, ko akwai ciwon ƙodar nan na gado mai ƙulle-ƙullen ruwa, kuma sai sun girma. Masu sikila ma sun fi saurin samunsa. Abin da za ki yi musu shi ne su nisanci taba da shisha, manyan kuma da ƙannensa su riƙa auna hawan jini. Shi ma kada maganin hawan jininsa ya yanke.

Robar kansa ki sa mata ido. In kika ga mantuwar tana ƙaruwa maimakon raguwa, ko ya fara jan ƙafa, ko fitsari na kufce masa, ko barci mai nauyi da amai da zazzaɓi, kada ki jira ranar ganin likita, tana iya toshewa. Kuma ki karɓi takardar da ta nuna irin kilif ɗin da aka sa masa ki ajiye a jakarki, duk inda za a yi masa hoton MRI sai sun tambaya kafin su shigar da shi.